Binciken fuskar daskararru da zirin atam

Binciken fuskar daskararru da zirin atam wata hanya ce a kimiyyar fizik da kemistiri da ake bi don gano abin da ke faruwa idan ƙwayar zarra ta ƙarfe, wato atam, ta sauka a kan gilashi, kiristal ko wani ƙarfen. Ana dumama ƙarfe har ya yi tururi, a bar tururin ya fita ta ƙaramar kafa zuwa cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Da yake babu iskar da za su yi karo da ita, atam ɗin suna tafiya a miƙe kamar zirin haske, su faɗa daidai inda aka saita su. Mai bincike ya san adadin da ya aika da lokacin da ya aika su, don haka yana iya auna nawa suka manne, nawa suka tashi, da tsawon zamansu kafin su tashi.

Tarihi

Louis Dunoyer na Faransa ne ya fara samar da irin wannan ziri a 1911, da tururin sodiyam. Ya ga cewa duk abin da aka tare hanyar zirin da shi yana barin inuwarsa a jikin tabon ƙarfen da ya taru a kan gilashi, alamar cewa tafiyar a miƙe take. Otto Stern ya mayar da dabarar cikakken ma'auni a Jamus: a 1920 ya auna gudun atam ɗin azurfa a Frankfurt, a 1922 kuma shi da Walther Gerlach suka yi gwajin maganaɗisun da ake kira da sunansu. An ba Stern kyautar Nobel ta 1943.

Zaman atam a kan fuska

Tambayar da ta raba kan masana da farko ita ce ko atam yana dukan fuska ne ya koma nan take kamar ƙwallo, ko yana ɗan zama. Robert W. Wood na Jami'ar Johns Hopkins ya lura cewa tururin kadmiyam ba ya kama gilashi sai an sanyaya gilashin sosai, amma da zarar ɗan tabo ya kafu, sai ya ci gaba da kauri ko da gilashin ya ɗumama. Wood ya ɗauka atam ɗin tsalle suke yi su koma. Irving Langmuir na kamfanin General Electric ya ce ba haka ba ne: kusan kowanne yana sauka, ya zauna ɗan lokaci, sannan zafi ya tashe shi. Gilashi riƙon sakainar kashi yake yi wa kadmiyam, shi ya sa yake saurin tashi, amma kadmiyam yana riƙe ɗan'uwansa da ƙarfi. Bayanin Langmuir ne ya tabbata.

A 1924 Yakov Frenkel na Tarayyar Sobiyet ya ba da lissafin wannan zama. Tsawonsa ya dogara ga abu biyu, ƙarfin riƙo da zafin fuskar, kuma ɗan canji a ɗayansu yana kawo babban bambanci. Atam ɗin da aka riƙe da ƙarfin eV 1, ma'aunin kuzarin da ake amfani da shi ga ƙwayoyin zarra, zai wuce awa ɗaya a kan fuska mai zafin digiri 27 na Salshiyos. Idan zafin ya kai digiri 327, zamansa ba zai kai kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa ba.

A cikin wannan zama atam ba ya tsayawa wuri guda. Yana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi har ya haɗu da wani irinsa, ko ya maƙale a bakin wani mataki ko aibi na kiristal, ko ya tashi. Daga nan siffar abin da zai taru take fitowa. Idan fuskar ta fi jan ƙarfen, yana shimfiɗuwa layi bisa layi. Idan atam ɗin sun fi jan junansu, suna dunƙulewa su zama tsibirai, kamar yadda zinare yake yi a kan gishirin kiristal. Akwai kuma na tsakiya, inda layi ɗaya ko biyu ke shimfiɗuwa kafin tsibirai su taso. Ernst Bauer ne ya tsara waɗannan kashi uku a 1958.

Sharaɗin tsabta

Babbar matsalar aikin ita ce ragowar iska. A matsin da ya kai kusan kashi 1 cikin biliyan na iskar duniya, fuska mai tsabta tana iya rufuwa da datti cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sai an ƙara rage matsin sau 10,000 kafin a sami 'yan sa'o'in aiki. Wannan ne ya sa sakamakon gwaje-gwajen farko yakan saɓa wa juna, kuma fannin bai bunƙasa ba sai a shekarun 1960, da famfunan zuƙe iska suka inganta.

Daga awo zuwa ƙera na'ura

A 1968 John R. Arthur na Bell Labs a Amurka ya harba zirin galiyam da na asanik a kan kiristal ɗin galiyam asanaid. Ya gano cewa kusan duk galiyam ɗin yana mannewa, amma asanik ba ya zama sai ya tarar da galiyam a wurin. Ma'anar wannan ita ce ana iya aika asanik fiye da kima: kowane galiyam zai kama ɗaya, rarar ta tashi, kiristal ɗin ya fito daidai. A kan wannan Alfred Y. Cho ya gina hanyar shuka kiristal da ake taƙaita sunanta MBE. Tana da jinkiri, kusan layin atam ɗaya a daƙiƙa, wato kimanin maikiromita 1 a awa, amma jinkirin ne amfaninta, domin ana iya rufe murfin tukunyar ƙarfe a tsayar da girma a daidai layin da ake so.

Da wannan hanya ake ƙera wasu na'urorin leza da taransisto masu sauri. Da ita kuma aka shirya siraran layukan baƙin ƙarfe da kuromiyam waɗanda Albert Fert ya yi gwaji da su a 1988, aikin da ya ba da damar ƙara yawan bayanan da faifan kwamfuta ke ɗauka, ya kuma kai shi da Peter Grünberg ga kyautar Nobel ta 2007.

Auna zafin mannewa

A shekarun 1990 ƙungiyar David King a Jami'ar Cambridge ta samar da hanyar auna ɗan zafin da ke fita idan ziri ya sauka a kan kiristal mai matuƙar siranta. Charles Campbell na Jami'ar Washington da ke Seattle ya daidaita ta don atam ɗin ƙarfe irin su azurfa, jan ƙarfe da darma a kan maganiziyam okusaid. Awon ya nuna cewa ƙananan dunƙulen ƙarfe suna riƙe atam ɗinsu da rauni fiye da manya. Shi ya sa ƙwayoyin ƙarfen da ake sa wa a matatar hayaƙin mota da masana'antun sinadarai suke haɗewa su girma idan sun daɗe cikin zafi, aikinsu kuma ya ragu.