Bukin kaka na mutanen Amurka



Yau hirarmu za ta kai mu ƙetaren teku, ƙasar Amurka. Can suna da wani buki da suke yi kowace shekara bayan an ƙare aikin gona. Suna ce mashi Ranar Godiya. Ana yin shi ranar alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Ran nan ba aiki, ba makaranta. Wanda ke nesa sai ya yi ƙoƙari ya komo gida, a taru a ci abinci tare. Mafi yawan masu yin bukin yanzu ba manoma ba ne, amma labarin da suke ba ƴaƴansu game da shi, labarin yunwa ne da masara.

A shekara ta 1620, wasu turawa sunka bar ƙasarsu Ingila cikin wani jirgin ruwa mai suna Mefulawa. Su 102 ne, maza da mata da yara. Wasunsu sun tashi ne don ba a bar su sun yi addini yadda suke so ba, wasu ko neman arziki. Sun yi kwana 66 bisa teku. Sunka sauka bakin gaɓar Amurka, sunka kafa gari wurin da ake kira Filimus. Sun iso cikin tsakiyar ɗari, ga ƙanƙara, ga shi ba ɗaki, ba rumbu. Kafin sanyi ya wuce, ciwo da yunwa sun kashe kusan rabinsu.

Ƙasar kuwa da masu ita. Wata ƙabila ce da ake kira Wampanowag, manoma ne kuma masunta, sarkinsu Masasoyit. Ƴan shekaru kafin nan wata annoba ta ci mutanensa da yawa, har yana tsoron maƙwabtansa su fi ƙarfinsa. Don haka ya ga ya fi kyau ya ƙulla amana da baƙin. A watan Maris na 1621 anka yi alkawalin zaman lafiya.

Cikin mutanen ƙasar akwai wani mai suna Tiskwantum. A 1614 wani baturen jirgi ya sace shi, ya kai shi Turai don ya saida shi. Ya kuɓuta, ya zauna Ingila, ya iya turanci. Da ya komo a 1619, ya tarar annoba ta share garinsu. Kufan garin nan nasu ne turawan sunka zauna.

Shi ne ya koya ma baƙin noman masara. Ya nuna masu yadda ake turbuɗe ƙananan kifi cikin ramin shibka, su ruɓe su zama taki. Mutanen ƙasar suna haɗa masara da wake da kabewa gona ɗaya: wake ya hau kara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya tsare laima. Wanda ya saba shibka wake cikin hatsi ba ya bukatar a yi mashi dogon bayani. Af, masarar nan da muke gasawa da damina, asalinta daga nahiyar Amurka ta zo mana. Haka ma gujiya da rogo da tonka.

Irin da turawan sunka zo da shi daga gida bai yi kirki ba, amma masara ta yi kyau. Da kaka ta 1621 sunka shirya liyafa. Su wajen 50 sunka rage, cikinsu matan aure 4 kaɗai. Anka aiki mutum 4 harbin tsuntsaye. Masasoyit ya zo da mutum 90, sunka kawo naman daji irin barewa guda 5. Anka yi kwana 3 ana ci ana wasa.

Sai dai ku lura, ba su maida shi bukin shekara shekara ba. Amanar ma ba ta wuce shekara 50 da ƴan kai ba. Turawa sunka yi ta ƙaruwa, suna amshe gonaki da dazuzzuka. A 1675 yaƙi ya ɓarke. Metakom, ɗan Masasoyit na cikinsa, shi ya ja mutanensa. Anka kashe shi a 1676, anka kafe kansa bisa itace a Filimus, anka saida matarsa da ɗansa bayi.

To yaya anka yi ranar ta zama ta ƙasa duka? Da can kowace jiha ita ke tsaida tata ranar godiya ga Allah, wasu ma ba su yi. Wata mace mai shugabantar wata mujalla, Sara Hale, ta yi shekara 17 tana rubuta ma shugabanni takarda, tana roƙon a tsaida rana guda. Ba wanda ya biya mata bukata sai Abraham Linkon, a 1863. Lokacin nan arewa da kudu na Amurka suna yaƙi da junansu kan maganar bauta. Linkon yana neman abin da zai haɗa kan jama'a, sai ya ce a riƙa alhamis ta ƙarshen Nuwamba.

Daga baya ƴan kasuwa sunka sa hannu. A 1939 Nuwamba ta zo da alhamis 5. Masu kantuna sunka yi kuka wai kwanakin cinikin Kirsimati za su gajarta. Shugaba Ruzbelt ya jawo bukin baya da mako guda. Wasu jihohi sunka bi, wasu sunka ƙi, har wasu sunka yi buki biyu. A 1941 majalisar dokoki ta raba gardama, ta tsaida alhamis ta huɗu.

Abincin ma ya sake. Yau sarkin tebur shi ne gasasshen talotalo, da dankalin turawa, da wata waina ta kabewa mai zaƙi. Mutanen 1621 ba su da dankalin ko ɗaya. Tun 1924 kantin Macy's ke shirya jerin gwano cikin birnin Niyok, ana kallo ta talabijin, sa'an nan a kalli ƙwallo. Tun 1989 ya zama al'ada shugaban ƙasa ya yafe ma talotalo, kada a yanka shi, alhali miliyoyi na cikin wuta. Wanshekare, ranar jumma'a, kantuna su rage kuɗin kaya, mutane su yi ta turereniya tun da asuba.

Jikokin Wampanowag suna nan har yanzu. Tun 1970, duk ranar bukin, mutanen asalin ƙasar suna taruwa da tsakar rana bisa wani tudu a Filimus, kusa da mutum-mutumin Masasoyit. Su suna kiran ranar Ranar Makoki. Suna tuna kakanninsu da ƙasarsu da anka amshe, wasunsu kuma suna azumi har a watse taron.