Wa Ke Kula da Mai Jinya?

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, mutanen Kajiji sai su ɗauko hanyar Sakkwato: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Kware idan larurar ta ƙwaƙwalwa ce. Mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Ana haɗo shi da mai jinya, galibi uwa, mata ko ɗiya.

Abin da ya rage bayan aikin likita da nas duk nata ne. Ita ke ciyar da shi, ta yi wanki, ta riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta bi layin magani, ta nemo mai ba da jini. Da dare sai tabarma a baranda. Ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaga mai shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ciwon baya ke biyo ta gida.

Wahalar ma ba iri ɗaya ba ce. Bafulatanar da ta taso daga ruga wataƙila Hausarta kaɗan ce, ga takardar magani da Turanci. Manomi ya bar gona tsakiyar damina. Ɗalibi irinmu kuwa lacca da tes ke wuce shi, wallahi ba mai tambayar dalili.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 da hukumar SOCHEMA ta jiharmu maganin mara lafiya suka duba. Abincin mai jinya da kuɗin motarsa ba su ciki.

Ni dai ina ganin ƙungiyarmu ta nemi a riƙa karɓar shaidar zaman jinya a matsayin uzuri, a sake ba ɗalibi tes ɗin da ya rasa.