Yadda A Ke Auna Lantarkin Tsokar Ɓera

Hakimai da malamansu su sani, kowace tsoka in ta motsa takan fid da lantarki ɗan kaɗan. Masana sukan sa ɓera barci da magani, su dasa waya siririya kamar gashi cikin tsokar ƙafarsa. Bayan ya warke, sai a ɗora shi bisa bel mai tafiya, na'ura tana zana abin da wayar ta ɗauko. Nan a ke ganin tsokar lanƙwasawa da ta miƙewa karɓa-karɓa su ke yi.

Kada a ɗauka wasa ne. A Suwizalan, cikin 2012, da irin wannan awo aka duba ɓerayen da suka ji rauni a laka, aka motsa lakar da lantarki, suka koyi tafiya. Cikin 2018 mutum uku masu shanyayyun ƙafafu suka taka ta wannan hanya.