Babi na Bakwai: Renon Bakteriyar Gaban Mace a Ɗakin Gwaji

Gaban mace mai lafiya wuri ne mai tsami, ma'auninsa na pH yakan tsaya tsakanin 3.8 da 4.5. Masu samar da tsamin wasu bakteriya ne da ake kira Lactobacillus, waɗanda wani likita ɗan Jamus, Albert Döderlein, ya bayyana a 1892. Sukan ci sukarin da ke fitowa daga fatar wurin, su mayar da shi asid mai hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Idan suka yi ƙaranci, irin su Gardnerella suka rinjaya, sai a ga ɗigar ruwa mai ƙarnin kifi, ɗaya daga cikin larurorin da mata ke kira sanyi.

Ba a sanin halin ƙwayar bakteriya sai an rene ta. Mai bincike yakan dafa mata abinci da romon nama da yis da sukari da gishirin ma'adinai, ya daskarar da shi da agar, wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku. Sai ya shafa samfurin da aka ɗebo daga gaban mace a faranti, ya rufe shi a tukunyar da aka zuƙe wa iskar oksijin, a zafin jikin mutum, digiri 37. Bayan kamar kwana biyu, ɗige-ɗige farare su bayyana.

Sai dai kowace ƙwaya da cimarta. Haɗin MRS, wanda de Man da Rogosa da Sharpe suka fitar a 1960, ya karɓi Lactobacillus crispatus, mafi ba da kariya. Amma 'yar'uwarta Lactobacillus iners ba ta tsira a kansa, sai a farantin da aka zuba wa jini. Shi ya sa ba a raɗa mata suna ba sai 1999, alhali tana cikin waɗanda suka fi yawa a jikin mata, musamman a Afirka.

A 2022 masu bincike na Cibiyar Ragon ta Amurka da takwarorinsu na Afirka ta Kudu suka gano bakin zaren: iners ba ta iya ƙera sinadarin sistin da kanta. Da aka ƙara shi a haɗin MRS, sai ta tsira. Da aka toshe mata hanyar shansa tare da ba da maganin metronidazole, sai crispatus ta mamaye haɗin gwajin.

Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, domin larurar ɗigar ruwan nan mai ƙarnin kifi takan dawo wa fiye da rabin matan da suka sha magani cikin shekara guda, kuma tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da kamuwa da ƙanjamau. Yanzu da ake iya renon iners cikin sauƙi, an samu damar gwada magungunan da za su mayar wa crispatus gurbinta.