Ranar Farko A Kasuwar Masu Sana'ar Hannu A Birtaniya

Da zarar watan Nuwamba ya kama a Birtaniya, sanyi ya sauko, duhu ya soma rufawa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, sai ka ga zaurukan majami'u da na makarantu da ɗakunan taron unguwa sun rikiɗe sun zama kasuwar yini ɗaya, galibi ranar Asabar. Akan jera tebura, kowa ya biya kuɗin nasa, ya shimfiɗa ƙyalle, ya baje abin da ya yi da hannunsa. Kaya iri biyu ne ba a rasa su: katin gaisuwa, da kayan adon mata irin su sarƙa da 'yan kunne da awarwaro. Da su sababbin shiga suka fi farawa, domin ba sa cin jari mai yawa, kuma jaka guda ta ɗauke su.

Kasuwar kati daɗaɗɗiya ce a nan. A shekarar 1843 ne Sir Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na farko na sayarwa, guda 1,000, kowanne a kan sule ɗaya, shekaru uku bayan an rage kuɗin aika wasiƙa zuwa kwabo. Har yau, sha'anin da Bahaushe zai taka ƙafa ya je barka ko ta'aziyya, Bature kati yake aikawa.

To, amma samun masu saye ba shi ne samun riba ba, kuma nan ne mai fitowa karon farko ya fi yin tuntuɓe. A ce wata ta biya fam 20 kuɗin tebur, tana sayar da kati fam 3, takarda da ambulan da gam sun ci fam 1. Sai ta sayar da kati 10 kafin ta fanshe teburin kaɗai, ba a yi maganar kuɗin mota ba. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne wahalarta. A watan Afrilun 2025 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a ƙasar zuwa fam 12.21 a awa ga 'yan shekara 21 zuwa sama. Ke nan katin da ya ci mata rabin awa ya lashe aikin fiye da fam 6, ita kuwa fam 2 ta rage da shi. Da yawa sukan tashi kasuwa suna murna kaya sun ƙare, alhali guminsu suka raba kyauta. A ganina karya farashi don tsoron kwantai ya fi kwantan illa, saboda wanda ya saya fam 3 bana ba zai yarda da fam 5 baɗi ba.

'Yan uwanmu da ke zaune a nan, waɗanda suka saba da Kurmi ko Kantin Kwari, suna da wani darasi na daban. A wannan kasuwa babu tayi, babu albarka, babu gyara. Wanda ya tsawwala kuɗi da nufin a taya ya rage, sai ya ga mai saye ya duba takardar farashi, ya yi murmushi, ya yaba aikin, ya wuce. Abin da ba a rubuta wa farashi ba kuwa, da wuya ya tambaya, don gudun kada ya ji kuɗin ya kasa saye ya ji kunya. Haka nan mutane da dama sun daina yawo da tsabar kuɗi, saboda haka wanda ba shi da 'yar na'urar karɓar katin banki yana ji yana gani ciniki zai wuce shi.

Sai batun doka, wanda ya fi shafar masu kayan ado. Bisa dokar 1973, laifi ne ɗan kasuwa ya kira abu azurfa in nauyinsa ya kai giram 7.78, ko zinariya in ya kai giram 1, muddin ba ya ɗauke da hatimin da hukuma ta amince da shi. Ofisoshin gwaji huɗu ne ke buga hatimin a ƙasar: Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh. Wannan ya hau kan wanda ya sayo aikin maƙeran Agadas ya kawo, komai kyansa. In sarƙar ta kai nauyin, ko dai a kai ta gwaji, ko kuwa a sayar ba tare da ambaton azurfa ba. Mai ɗinka duwatsun ado a zare ba ta da wannan damuwa.

Hukumar haraji ita ma tana da iyakarta. Tun 2017, wanda cinikinsa na irin wannan sana'a bai wuce fam 1,000 a shekara ba, ba ya biyan haraji a kansa. Sai dai jimlar abin da ya shigo ake ƙirgawa, kafin a cire kuɗin tebur da na kayan aiki. Mai fita kasuwa kowace Asabar daga Nuwamba zuwa jajibirin Kirsimeti yana iya haye wannan adadi bai ankara ba, in ba ya rubuta cinikinsa tun daga ranar farko.