Hukuncin Zuba Farin Magi A Girki

Tambaya: Ina sayar wa manoman rani abinci a Kura. An ce da kitsen alade ake yin farin magi. Ya halatta in ci gaba da zubawa?

Amsa: To 'yar'uwa, ya halatta. Daga rake ko rogo ko masara ake samar da shi, a tsima su da ƙananan ƙwayoyin halitta, kusan yadda kalwa ke zama daddawa. Asalin abinci halas ne har sai dalili ya tabbata, "an ce" kuwa ba dalili ba ne.

Amma zancen aladen yana da mafari. A farkon 2001 an janye Ajinomoto daga kasuwannin Indonesiya, bayan majalisar malaman ƙasar ta gano an yi amfani da wani sinadari daga alade wajen haɗa abincin ƙwayoyin nan. Kamfanin ya sauya sinadarin, aka mayar masa da shaidar halas. Wancan hukunci bai hau kan ledar da ke hannunki ba.

Dunƙulen da aka sa wa naman kaza ko kitse shi ke buƙatar a duba abin da aka rubuta a jikinsa.

Allah ne mafi sani.