Masu Renon Furanni a Hanyar Cacavéli

Wanda ya bi babbar hanyar da ta fita daga Lome ta nufi arewa, ta gefen Cacavéli har Zongon Agoè, inda aka mayar da mutanenmu a 1977 bayan rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari, zai ga baƙaƙen ledoji jere a bakin titi, kowace da ɗan tsironta. Masu su ba ruwansu da shago. Inuwar bishiya, ruwa a kusa da wuƙa mai kaifi sun wadatar.

Daga reshe sana'ar take farawa. Mai reno zai yanko reshen bugenbiliya wanda ya ƙosa, kamar taƙi guda, ya zage ganyen ƙasa, ya soka shi cikin ledar da ya cika da baƙar ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen kashin kaji. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Sai a ajiye a inuwa, ana yayyafi safe da yamma har sabon ganye ya leƙo. Wasu rassan ba sa kamawa, kuma mai saye ba ya ganin wannan asarar in ya tsaya taya kaya.

Ruwa ne matsalar. Lome na bakin teku, tana da damina biyu, amma abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 900 ba, ga hunturu a Disamba da Janairu. Shi ya sa gwanin gaske yake fara tambaya: "Hajiya, rana na shiga tsakar gidan? Akwai rijiya?" Mai son ciniki kawai zai miƙa miki duk wanda ya fi ja. Hibiskus, ɗan'uwan yakuwa da rama, yana son sha kullum. Bugenbiliya kuwa sai ta ɗan ji ƙishi take cika katanga da fure.

Ni dai kariya nake so. A ƙauyukan Arewa shinge ake yi da ita, ba mai waiwayarta, a nan kuma ta hau tukunyar siminti, ta yi kuɗi. Tana shekaru tana fure ko da rani, in dai ba a cika mata ruwa ba, don gindinta ruɓewa yake. Ruwan jikinta dafi ne, saboda haka a ɗora ta inda yara da awaki ba sa kaiwa.